Ɗan Farina da Igiyar Tsalle

'Ya'yana uku ne, amma da za ka tambayi matan unguwarmu a Dutsin-Ma 'yan shekarun baya, biyu za su ce maka. Ba laifinsu ba ne. Na farkon, ranar da aka yaye shi, surukata ta tako da kanta har ƙofar ɗakina, ta saɓa shi a baya, ta tsallaka tsakar gida zuwa nata ɗakin. Daga ranar ya zama ɗan Hajiya. Ban yi kuka ba, don a wurinmu ba abin kuka ba ne. Haka aka yi da yayana a gidanmu na Kurfi, na kuma tashi ina ganin abin da kyau. Mace ba ta kula ɗan farinta a gaban mutane. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi ya fasa goshi sai ta kau da kai wata ta ɗauke shi. Kunyar ɗan fari ke nan, mu kuma da muke da jinin Fulani ta wajen uwa abin ya fi yi mana kauri. Ni "yaron nan" nake ce masa. Shi kuma Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa in sun zo.

Hajiya kuwa "angona" take kiransa, irin wasan nan na kaka da jika. Kada wani ya ɗauka labarin muguwar suruka zan bayar. Matar nan ta riƙe ni da mutunci, ita ta yi mini wankan jego a haihuwata duka uku, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Son da take yi wa yaron nan kuwa, ni da na haife shi ban isa in ce na fi ta ba. Da ƙiyayya ce ma da abin ya zo mini da sauƙi, don faɗa dai na iya shi.

Ni ban taɓa jin an ce wa yaro ya motsa jiki ba sai da na girma na ji a rediyo. A ƙauyenmu na bayan Kurfi wa zai tsaya ce maka haka? Kafin rana ta ɗaga mun je rijiya mun dawo, mun kai fura gona, mun kora awaki. Da yamma maza su shiga langa, mu mata mu zana 'yar gala-gala ko mu ɗauko igiya, a yi ta tsalle har sai an kira mu da tsawa. Abin da ke shiga bakinmu a hanya magarya ce da aduwa da kanya, sai goruba mai gajiyar da haƙori. A gida tuwon gero da miyar kuka, ɗanwake, kwaɗon rama ko na zogale da ƙuli-ƙuli. Ba na cewa daɗi muka sha. Akwai shekarar da muka ci tafasa har ta fita ranmu. Amma ban san yaro ko ɗaya a ƙauyen nan da ya kasa gudu ba, in ba gurgu ba.

Yaron nan yana ɗan shekara huɗu ko biyar aka rufe ƙofar gidanmu. Autan Hajiya, ƙanen maigidana, ya tafi duba gonar wakensu wajen Dabawa, ɓarayin daji suka tare shi. Ba zan ba da labarin wannan daminar ba. Allah dai ya kuɓutar da shi, aka kawo shi gida a bayan babur wani na riƙe da shi kada ya faɗo. Saurayi ƙaƙƙarfa ya tafi, abin da ya dawo fata ce da ƙashi. Ina tsaye lokacin da Hajiya ta ɗaga rigarsa ta ga haƙarƙarinsa a waje, ta zube ƙasa. Tun daga ranar makullin ƙofar zaure ya koma haɓar zaninta, ramar jiki kuma ta zama abin da ta fi tsoro a duniya. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu, na sani, ban kuma taɓa ganin laifinta a kan haka ba.

Sai dai a kan yaron nan tsoron ya sauka. Makarantarsu ba ta da nisa, in an kaɗa ƙararrawa muna ji daga gida, amma ɗan kabu-kabu Hajiya ta ɗaukar masa, wani amintacce, ya ɗauke shi a bakin zaure ya sauke shi a bakin aji. Karatun allo malam ke zuwa har gida ya yi masa. In yaran layi suna buga ƙwallo sai dai ya ji ihunsu ta kan katanga. Da safe shayi mai kauri, sukarinsa har ya kwanta a gindin kofi, da biredi ko fanke. Yana dawowa daga makaranta ga taliyar yara da ƙwai tana ƙyallin mai, ga lemon kwalba. A ƙarƙashin gadon Hajiya akwai wata roba ta alawa da biskit da cincin, ban taɓa ganin ta yi ƙasa ba. In ya ƙoshi sai ya kwanta rub da ciki da wayar Hajiya a hannu, ya yi ta danne-danne har barci ya ɗauke shi.

"Ci, angona, ci," haka nake jiyo ta daga ɗakina. "Ba ni son in ga ƙashin wuyan ga."

Ƙashin wuya kuwa ya ɓace, wuyan ma da kansa ya kusa ɓacewa. Duk matar da ta shigo gaisuwa sai ta tafa hannu ta ce, "Tubarkalla, Hajiya, yaro ya yi kyau!" A garinmu in an ce yaro ya yi kyau, ƙiba ake nufi. Hajiya ta yi ta washe baki, ni kuma ina bakin murhu ina kallo ta gefen ido, don ta gefen ido kaɗai aka yarda in kalle shi. Na ga cinyoyinsa suna gogar juna har sun saɓule. Na ga in zai tashi daga tabarma sai ya dafa ƙasa kamar tsoho. In ya yi ruku'u sai ya yi nishi. In ya yi barcin rana minsharinsa har wajen rijiya.

Abin da ya hana ni sakat shi ne na san gidan da na haihu a ciki. Marigayi mijin Hajiya ciwon suga ne ya yi ajalinsa, sai da aka yanke masa ƙafa kafin ya cika, ko da yake Hajiya har gobe cewa take abu aka binne masa ya taka. Maigidana ma ciwon ya kama shi, yana shan magani, an hana shi shayi da sukari, yana sha a kasuwa in ba na gani. Kullum na kalli yaron nan yana tsotsar kwalba sai in tuna da sandar kakansa da ke jingine a zaure.

Na tari maigidan da maganar ranar da ya dawo daga cin kasuwar hatsi, ya yi wanka, ya ci tuwo, ransa fari.

"Malam, ba ka ganin yaron nan ya yi nauyi da yawa?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Wane yaro?"

"Na wajen Hajiya."

"To mi ya sha maki kai? Ba Hajiya ke riƙonshi ba?"

Na ce masa ciwon da ke jikinsa shi nake tsoron ya kama yaron. Ya sosa ƙeya, sannan ya ce, "Yanzu ni in je in ce ma Hajiya abincin da take ba jikanta cuta ne? Bayan abin da ta gani? Ke dai bari, in ya girma zai zube." Ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci. Maza sun iya wannan, in magana ta yi zafi sai lokacin salla ya yi.

Tunda baki ya ɗaure, sai na koma dabara. Ƙannensa biyu, mace da namiji, su nawa ne, ba mai hana ni. Na yanko igiyar shanya na ƙulla mata kai, na zana 'yar gala-gala da gawayi a tsakar gida, kowace la'asar in tattare zani mu yi ta tsalle da su har zufa ta keto. Da gangan nake sa su ihu da dariya, da gangan na zaɓi gefen da ke kallon ƙofar Hajiya. Yakan fito ya zauna a dokin ƙofa, wayar a cinyarsa, yana kallonmu. Sau da yawa na ga ƙafarsa tana bugun ƙasa tare da igiyar. In na ce "zo" an gama, amma kalmar nan ta ƙi fita. Sai in raɗa wa ƙanwar, "Je ki ce wa yayanku ya zo ya kaɗa muku." Yana miƙewa Hajiya za ta leƙo. "Zauna, angona, yanzu ka ci abinci, kada cikinka ya juya."

Ta wajen ci ma na gwada. Na yi kwaɗon zogale mai kyau, na ji shi da ƙuli da tumatir da albasa, na zuba a kwano na ba yarinyar ta kai musu. Ina kallo Hajiya ta ɗiba ta ci, ta yaba, ta sa mini albarka. Da ya miƙo hannu sai ta janye kwanon tana dariya. "Angona ba akuya ba ne da za a ba shi ganye. Wanga abincinmu ne na tsoffi." Ta jawo robar ƙarƙashin gado. Ranar na daka yaji kamar zan fasa turmin.

Yana aji uku ko huɗu sai bayan wuyansa ya fara baƙi. Wani irin baƙi mai kauri, kamar an shafa masa gawayi a cikin lanƙwasar fatar, har da hammatarsa. Hajiya ta ce dauɗa ce, yaran yanzu ba su iya wanka ba. Ta koma yi masa da kanta, da soso da sabulun salo, amma baƙin yana nan.

A tsakanin nan aka yi haihuwa a gidanmu na Kurfi, matar ƙanena. Hajiya ta ce za ta je suna, tunda kuwa ba ta iya barin angonta, da shi aka tafi. Muka fita da hantsi a kan sai mun dawo kafin la'asar, kowa a motar yana jan carbi yana kallon daji. Da muka isa, yaran gidan da na maƙwabta suna langa a fili, kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗayar. Hajiya ta shiga ɗakin mai jego, mata suka rufe ta da gaisuwa. Ni ina wajen tukwane na hango yaron nan ya sulale ya nufi filin. Zuciyata ta yi fari, na yi kamar ina gyara wuta.

Ya kai hannu baya zai kamo ƙafarsa, hannun bai kai ba. Ya sake, ya kamo bakin wando, ya yi tsalle ɗaya ya kife. Yara ba su da kara. "Buhun gero ya faɗi!" in ji wani ɗan firit da ko wando bai ɗaura da kyau ba, sauran suka ɗauka da waƙa. Ya tashi zai bi su, bai yi nisa ba ya tsaya ya dafa gwiwa yana haki, bakinsa buɗe. Daga nan ya koma gindin bishiyar bedi ya zauna, ya juya musu baya. Bai yi kuka ba, ya dai yi ta tsinkar ciyawa. Ni kuma ina riƙe da muciya, mata kewaye da ni, ƙafata ta ƙi ɗagawa. Wata ƙanwar babanmu ce ta je ta kakkaɓe masa riga.

Na ja Innata, mahaifiyata, zuwa bayan rumbu. Na ɗauka a gidan ubana dai zan iya buɗe baki. Na ce, "Inna, kin ga yaron nan kuwa? Ana kashe shi da ci ina kallo."

Ta waiga ta ga ko wani na ji. "Ke, ba ki da ta ido? Ɗan fari? Mi kike so a ce, ɗiyata ta zama mai bakin magana bisa ɗanta a gidan miji? Ni kin taɓa jin na yi maganar yayanku?"

"Yaya ai gona yake zuwa."

Ta sake waigawa. Can ta ce, a hankali, "Na ga wuyan nashi. Ki yi mashi addu'a." Ta koma wajen baƙi. Na tsaya a bayan rumbun ina jin kamar in kurma ihu. A gidan miji an rufe mini baki, na zo gidanmu an ƙara ɗaure shi, duk kuma da sunan mutuncina.

Bayan mun dawo Hajiya ta ƙara ƙaimi a kan wuyan. Wata ta ce mata toka da lemon tsami, ta gwada. Wata ta ce dutsen goge kaushi, shi ma ta gwada. Ina jiyo shi daga banɗaki yana cewa, "Hajiya, da zafi," tana cewa ya yi haƙuri saura kaɗan. A ƙarshe fatar ta saɓule, wurin ya kumbura ya fara ruwa, zazzaɓi ya rufe shi. Dole aka nufi asibiti. Maigidan ba ya gari, sai Hajiya ta ce in rako su in riƙe mata jaka.

Likitar mace ce, yarinya da ita. Ta duba ciwon, ta ɗaga hammatarsa, ta sa aka auna nauyinsa aka ɗebi jininsa. Da sakamako ya fito ta zaunar da mu. Ta ce baƙin nan ba dauɗa ba ne, ko da me za a goge shi ba zai fita ba, daga ciki yake. Alama ce jikin yaron ya fara gajiya da sukari. Ciwon bai kama shi ba tukuna, amma yana bakin ƙofa, in aka gyara masa ci aka sa shi yana gudu da wasa zai iya kaucewa. Sannan ta dube mu ta ce, "Wace ce mahaifiyarsa?"

"Ni ce," in ji Hajiya.

Likitar ta kalle ta, ta kalle ni. Na sunkuyar da kai ina wasa da hannun jaka. Sai ta juya ga Hajiya ta jera mata: a daina lemon kwalba, a rage sukari da soye-soye, a ba shi ganye da wake da tuwon gida, kullum ya yi wasan da zai sa shi zufa. Hajiya tana ta "to, to, in sha Allahu." Na san wannan "to" ɗin. Ita take yi wa mai wa'azi a rediyo.

Muna fitowa bakin ƙofar asibitin, inda 'yan kabu-kabu ke jira, ta tsaya wajen wani mai shago. Ta kwance haɓar zani ta sayi lemo mai sanyi, aka buɗe, ta miƙa masa. "Ungo, angona, ka sha allura ba ka yi kuka ba."

Ban san lokacin da hannuna ya kai ba. Na fizge kwalbar kafin ta kai bakinsa, na tuntsurar da ita a kwata. Lemon ya yi ta kumfa yana bin ƙasa.

"Hajiya, ba zai sha ba. Ɗana ne."

Da ƙarfi na faɗa, don 'yan kabu-kabun nan duk sun juyo. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta riƙe baki. Yaron ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba. Hajiya ta kau da kai. Ta ɗaure haɓar zaninta a hankali, ta kira mai babur, ta hau ita kaɗai. Karo na farko ke nan da na hau babur da yaron nan a gabana, ya ƙame jikinsa kada ya jingina da ni.

Kafin magariba Hajiya ta tattaro kayansa a buhu, da jakar makarantarsa da allonsa, ta dire a ƙofar ɗakina. Ta kamo hannunsa ta tsayar da shi a kan tabarmata. Sannan ta kwance makullin zaure ta ajiye a kan buhun.

"Ga ɗanki. Ga makulli. Buɗe mashi ya tahi ya yi gudun."

Na durƙusa na ce ta yi mini aikin gafara, bakina ne ya suɓuce. Ta ce ba ta riƙe ni da komai ba, ta shiga ɗakinta ta saki labule. Maigidan da ya dawo ya yi kwana da kwanaki ba ya cin tuwona. Labari ya kai Kurfi kafin in kai shi, Innata ta aiko ƙanena ya ce mini na zubar mata da mutunci. Matan layi in na wuce sai su yi shiru. Duk wannan na shanye, har yau kuma ban yi nadamar kwalbar nan ba.

Washegarin ranar da Hajiya ta ba ni makullin, da la'asar na ji yaran layi sun fara ƙwallo. Na ɗauki makullin da ƙarfina, na kama hanyar zaure, yaron na biye da ni don na ce ya biyo. Na sa makullin a kwaɗo. Sai na ji ƙarar babura suna wucewa da gudu, biyu ko uku, irin wadda muke ji kullum. Hannuna ya tsaya. Na tuna yadda aka sauko da autan Hajiya a wannan zauren. Na tuna a makon ma an ce an shiga wata unguwa a gefen gari. Na daɗe a tsaye, sannan na zare makullin na ce masa mu koma ciki, rana ta yi zafi. Na ƙulle shi a haɓar zanina, a nan yake har yanzu.

Saboda haka tsakar gidan nan ita ce filinmu. Daga rijiya zuwa madafa, daga madafa zuwa turken awaki, a zagayo. Ga igiya, ga zanen gawayi. Da safe koko ba sukari sosai da ƙosai kaɗan, da rana wake ko dambu da zogale, da dare tuwo. Makonnin farko ya ƙi ci, ya zauna ya tasa kwanon a gaba yana hawaye, yana kallon labulen Hajiya. Ita ma na san tana bayan labulen tana kallonsa. Ba ta ƙara ba shi ko alawa ɗaya ba, ba ta kuma ƙara ce masa angona ba. In ya je gaishe ta sai ta amsa kamar ɗan maƙwabta, ta ce ya koma kada uwarsa ta neme shi. Abinci ma ta rage ci, zaninta ya fara yi mata yawa.

A ɗakina kuwa baƙo ne. Ba ya zama sai na ce ya zauna, ba ya taɓa komai sai ya tambaya. Ƙannensa su hau jikina su yi ta birgima, shi yana can bakin katifa ya haɗa gwiwa. Ni ma ban iya ba. Shekara da shekaru na koyi kau da kai daga gare shi, yanzu in na so in dafa kansa sai hannun ya yi mini nauyi. Abin da ke fita bakina kawai shi ne ci wannan, bar wancan, tashi, yi tsalle. Wani lokaci in na ji muryata sai in ji kamar ta mai gadi.

Amma abin mamaki, a wajen igiya bai taɓa yi mini gardama ba. Da farko ko sau biyu ba ya haɗawa igiyar ta harɗe shi. A hankali ya fara jerawa. Har ya zama kafin in ce ya ɗauko ya ɗauko, ƙannensa su gaji su zube shi yana yi, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ciwon wuyan ya warke, baƙin ya ɗan fara dishewa, wandon makarantarsa ya fara zamewa sai da na rage masa ƙugu. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Na ce a raina ashe yaron yana so, dama hana shi aka yi.

Wata la'asar ina zaune a kan turmi ina tsinke zogale, shi yana tsalle a gabana. Ya daɗe yana yi, sannan ya tsaya yana haki, igiyar a hannu. Ya matso kusa da ni, abin da bai saba ba. Ya ɗaga rigarsa ya nuna mini cikinsa.

"Yaya, kin ga na rage ko?"

"Ka rage," na ce, murna ta cika ni.

Ya saki rigar. Ya waiga ya kalli ɗakin Hajiya, ya rage murya.

"To in na rame duka, za ki maida ni wurin Hajiya?"

Zogalen ya zube daga cinyata. Ashe duk tsallen nan da yake yi, fansar kansa yake nema daga hannuna. Akwai maganar da ya kamata uwa ta faɗa wa ɗanta a wannan lokacin, na san tana nan. Ban taɓa faɗa masa irinta ba, ban kuma san ta inda ake farawa ba. Yana tsaye yana jira, zufa na ɗiga daga haɓarsa.

Na sunkuya ina tsince ganyen daga ƙasa, na ce, "Je ka sha ruwa tukuna."

Bai je ba. Ya koma tsakiyar gidan, ya gyara riƙon igiyar, ya ci gaba da tsalle da sauri fiye da ɗazu.